An dawo mini da takardar neman tallafin bincike a fannin ilimin noma, me masu tantancewa suke nema ne?

Abu_Khalifa_Agric: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a sashen ilimin noma na wata kwalejin horar da malamai. Na rubuta takardar neman tallafin bincike, kwamitin tantancewa ya dawo mini da ita da 'yan layuka a baya: wai matsalar ba ta fito ba, kuma kasafin kuɗin bai dace da aikin ba. Taken shi ne matsalolin da ke hana koyar da darasin noma yadda ya kamata a makarantun sakandare na jiharmu. Niyyata in raba wa malamai da ɗalibai takardun tambayoyi, in tattara amsoshi, in fitar da sakamako. Abokan aikina suna cewa in daina wahalar da kaina, abin na 'yan gida ne, sai kana da wani a sama. Waɗanda suka taɓa samu, don Allah ku taimaka, gyara zan yi ko haƙuri?

Gaskiya_Ɗaci: Wa alaikumus salam. Abokan aikinka sun gama maka magana. Ka adana kuɗin fotokwafi ka sayi taki.

Dakta_Mai_Jan_Biro: Wa alaikumus salam Malam. Na sha zama a irin wannan kwamiti, don haka bari in faɗa maka abin da ya faru da takardarka tun ban gan ta ba. Wanda ya ɗauke ta ya karanta taken, kafin ya buɗe shafi na biyu ya riga ya san sakamakonka: babu gonar makaranta, babu kayan aiki, malamai sun yi kaɗan, gwamnati ba ta sakin kuɗi. Ya kuma san shawarwarin da za ka bayar a ƙarshe, cewa gwamnati ta samar da kaza da kaza. Wannan taken ɗaliban NCE, wato masu neman takardar shaidar malanta, suna rubuta shi duk shekara a matsayin aikin kammala karatu. To me zai sa a ba ka kuɗi ka gano abin da mai gadin makarantar ma ya sani?

Da suka ce matsalar ba ta fito ba, ba suna nufin babu matsala ba ne. Suna nufin ba ka nuna wane abu ne ba a sani ba, wanda idan aka sani wani zai canza yadda yake aiki. Waye zai yi wani abu daban ranar Litinin saboda bincikenka? Shugaban makaranta? Malamin aji? Mai tsara manhaja? In ba ka iya ambaton mutumin ba, ba ka kai ga tambaya ba tukuna.

Abu_Khalifa_Agric: Ranka ya daɗe na gode. Amma a sashenmu kusan kowa da takardun tambayoyi yake aiki. Su ma ba a karɓa ke nan?

Dakta_Mai_Jan_Biro: Ana karɓa in tambayar ce ta buƙace su. Abin da ya ishe mu shi ne tsarin nan da kowa ya haddace: a buɗe jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai nuna yawan mutanen da za a tambaya a ciro 384, a yi ma'auni mai matakai huɗu daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", a ce duk abin da matsakaicin makinsa ya haura 2.50 an karɓa, sai a tashi. Ka tambayi malami ko rashin gona matsala ce, ya ce ya yarda ƙwarai. To sai me? Ra'ayi ka auna, ba koyo ba.

Maman_Hanan: Dakta ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni dai abin da ya buɗe mini ido shi ne wata tsohuwar malamarmu da ta ce in rubuta duk binciken a jimla uku, in karanta wa wanda ba ɗan fannin ba. Na karanta wa ƙanwata mai sana'ar ɗinki. Ta ce "to Yaya, in kin gama wa zai amfana?" Tun daga nan duk takardar da zan rubuta da amsar wannan tambayar nake buɗe ta.

Gaskiya_Ɗaci: Duk wannan daɗin baki ne. Na ga takardu marasa kai da gindi sun wuce, na ga masu kyau sun kwana a durowa. Kada ku yaudari bawan Allah.

Mai_Lissafi: Gaskiya_Ɗaci, ba wanda zai rantse cewa son kai ba ya shiga al'amuran mutane. Amma ni a ofishin kuɗi nake aiki, takardun nan ta hannuna suke bi, kuma mafi yawan waɗanda ake dawowa da su ba sa buƙatar maƙiyi, kasafinsu ne yake kashe su. Mutum zai ce zai yi bincike a makarantu goma, sai ka duba kasafi ka ga kwamfutar tafi-da-gidanka, firinta, janareta, halartar taro a wani gari, sannan kuɗin mai na zuwa makarantun ɗan mitsitsi a can ƙasa. Mai karatu ya gane ofis ake son gyarawa.

Kowane layi na kasafi ya kamata ya nuna wane aiki ne a cikin hanyar binciken ya haife shi. In ka ce masu taimako huɗu, a nuna kwana nawa za su yi, nawa ne a rana, me za su yi. In ka ce mai, a nuna zuwa nawa, nisan kilomita nawa, lita nawa. Kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin da ka rubuta yau ba lallai ya kai ranar da kuɗi zai fito ba. Ka rubuta ranar da ka ɗauki farashin da kasuwar da ka ɗauka, ka haɗa da takardar farashi daga mai shago. In ƙa'idar masu bayarwa ta yarda da kason ko-ta-kwana ka sa, in ba ta yarda ba kada ka ɓoye shi a cikin wani layi, ana ganewa.

Ɗalibar_Digiri_Na_Biyu: Don Allah wane tallafi ake magana a kai? Ni ban ma san ƙofofin ba.

Dakta_Mai_Jan_Biro: Ga malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya, babbar ƙofa ita ce TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF, kuma kuɗinta daga harajin da ake cira a ribar kamfanoni yake fitowa. Tana da hanya biyu da suka shafi wannan magana. Akwai IBR, ƙaramin tallafi da ke bi ta kwamitin bincike na makarantarku, wanda a shekarun baya aka daɗe ana ba da shi bai wuce naira miliyan 2 ga aiki ɗaya ba. Akwai kuma NRF, na ƙasa baki ɗaya, wanda ake gasa a kansa: ka fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a ce ka kawo cikakkiyar takarda, sannan ka je ka kare ta a gaban masana. Shi wannan ƙungiya yake so, ba mutum ɗaya ba. Ki nemi sanarwar shekarar da kike ciki ki karanta, domin adadi da sharuɗɗa suna canzawa.

A waje kuma akwai RUFORUM, haɗakar jami'o'in Afirka kan ilimin noma, mai hedikwata a Kampala, da AWARD a Nairobi wadda ta fi mayar da hankali kan mata masu binciken noma, da CORAF, majalisar binciken noma ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a Dakar. A gida kusa da mu, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa, ɗalibai da yawa sun yi karatu ta nan.

Ticha_Agric_SS2: Ni malamin sakandare ne, irinmu ake zuwa a raba wa takardun nan. Wallahi wani lokaci a ɗakin malamai mutum ɗaya yake cike biyar, yana canza biro. Ba mugunta ba ce, an kawo ana tsakiyar jarrabawa, mai kawowa yana tsaye yana jira da mashin a kunne.

Amma ga abin da ban taɓa ganin wani ya zo ya bincika ba. Gonar makaranta da damina take tafiya, makaranta kuma da zango take tafiya, su biyun ba sa haɗuwa. Ruwa yana zama sosai a wajenmu cikin Yuni. Lokacin 'yan aji shida suna cikin WAEC da NECO, sauran suna shirin jarrabawar zango na uku. Mu yi shuka, mu yi noman farko da ƙyar, a yi hutu a Yuli. Agusta gaba ɗaya, lokacin da gona ta fi buƙatar mutum, babu kowa sai mai gadi. A dawo a Satumba a tarar ciyawa ta fi masara tsawo, awakin unguwa sun yi nasu rabon ta inda katanga ta faɗi. Yaro ya ga shuka, ya ga abin da ya rage, amma bai ga maimai ba, bai ga sa taki na biyu ba. Sai mu koma allo mu zana masa.

Maman_Hanan: Malam Abu Khalifa, ga bincikenka nan Ticha ya miƙo maka kyauta.

Dakta_Mai_Jan_Biro: Tabbas. Wannan ita ce matsalar da ta fito. Tana da wuri, tana da lokaci, tana da dalili, kuma ana iya gwada mafita. Tambayar za ta zama: wane aikin hannu ne zai shiga cikin zangon karatu daga farko har ƙarshe, kuma shin ɗaliban da suka yi shi sun fi waɗanda aka koya wa a allo iya aikin?

Baba_Malamin_Gona: 'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Na yi aikin malamin gona tun zamanin da ayyukan raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gombe suke tashe, waɗanda aka fara da Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya sa manomi yake karɓar sabon abu bai canza ba: ya gani da idonsa a gonar da ya sani. Da mutanen ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa suka zo a farkon shekarun 1990 da gonakin gwaji, ba lacca suka yi ba, fili aka ware a gonar manomi, maƙwabta suna wucewa suna leƙe. Yaro ma haka yake.

In ni ne, ba zan taɓa damina ba. Zan ɗauki ajiyar wake. Ana girbe wake wajen Oktoba zuwa Nuwamba, zango na farko ke nan. A zuba wani a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. A zuba wani a buhu na yau da kullum. A ajiye a sito ko ofishin shugaban makaranta. A buɗe a zango na biyu, wajen Maris. Yara su ɗebi ƙwaya ɗari daga kowane buhu su ƙirga masu huji, su auna nauyi, su ga garin da ƙwaro ya bari a gindin buhu. Ba katanga, ba ban ruwa, ba akuya. Kuma yaron zai koma gida ya faɗa wa uwarsa, ita ce mai ajiyar.

Abu_Khalifa_Agric: Baba Allah ya ƙara girma. Wannan ya shige ni. Ke nan taken zai zama gwada ingancin buhun PICS wajen hana ƙwaron wake?

Dakta_Mai_Jan_Biro: A'a Malam, a nan mutanen sashenku suke zamewa. Ko buhun yana aiki an riga an gama wannan. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka sun fara aikin tun a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, an kuma san dalilin: ƙwaron yana cinye iskar da ke ciki, ta ƙare, ya daina ci da haihuwa. In ka rubuta haka za a tura takardarka ga masanin ƙwari, ya ce an yi, ya rufe. Kai malamin ilimin noma ne. Abin da kake aunawa shi ne ɗalibi, ba wake ba. Shin wanda ya ɗaura buhun da hannunsa ya fi fahimta, ya fi riƙewa bayan wata uku, ya iya nuna wa wani? Shin labarin ya isa gida? Waken kayan koyarwa ne.

Ɗan_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina bin zancen daga nan Maraɗi. Buhun nan mun san shi sosai, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan sun yi aiki mai yawa a kansa. Ina so in ƙara wani abu game da dosiye, wato takardar neman tallafi, don a wajenmu yawancin kuɗin bincike ta hannun furoje, wato ayyukan raya ƙasa, da ƙungiyoyin waje yake zuwa, da Faransanci ake rubutawa, wani lokaci da Turancin Ingilishi. Su abin da suka fi dubawa shi ne teburin da ke nuna manufa, sakamako, ayyuka, da alamar da za a gane an cimma. In alamar ba ta ƙirguwa, ba su karɓa. Ba za ka ce "ɗalibai za su waye" ba. Za ka ce ɗalibai nawa ne za su iya ɗaure buhu daidai ba tare da an taimaka musu ba, wa zai duba, a wane wata.

Sannan suna tambaya: in furoje ya tashi, me zai rage? Mu nan muna da misali a gabanmu. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gona ana yi musu aski, a yankin Maraɗi ya fara a shekarun 1980, kuma ya bazu ne saboda ba ya buƙatar a sayi komai, manomi yana koya daga manomi. Dosiyen da ya nuna lakwal, wato makaranta, za ta iya ci gaba da aikin da kuɗinta bayan an gama, ya fi wanda ya dogara da injin da ba mai gyara shi.

Ticha_Agric_SS2: Wannan gaskiya ne. Akwai makarantar da na sani an kawo mata injin ƙyanƙyasar ƙwai, babu wuta. Yanzu fayil-fayil ake ajiyewa a ciki.

Gaskiya_Ɗaci: To ku gama tsara masa. Ranar da kuɗin zai fito waken ya riga ya zama ƙosai.

Mai_Lissafi: A nan kam ina tare da kai, kuma ba wasa ba ne. Binciken noma yana da lokacin da in ya wuce sai baɗi. Tsakanin amincewa da shigar kuɗi asusu akan ɗauki watanni, kuma yawanci kashi-kashi ake saki, sai ka kawo rahoto da rasidan kashin farko kafin a ba ka na gaba. Don haka kada ka rubuta jadawalin aiki da "wata na ɗaya, wata na biyu" kawai. Ka rubuta ƙarara cewa dole a zuba wake a buhu cikin makonnin da suka biyo bayan girbi, in kuɗi bai iso ba kafin lokacin aikin zai koma kaka mai zuwa. Ka nemi wa'adin da zai ɗauki wannan. Mai tantancewa da ya san gona zai ga kai ma ka sani.

Injiniya_Ban_Ruwa: Me zai hana a yi lambu? Alayyahu cikin wata guda ka fara yanka, latas ma ba ya daɗewa. Rani gaba ɗaya yara suna makaranta. Ni ina ganin ya fi ajiyar wake armashi, yaro yana son ya ga abu yana girma.

Ticha_Agric_SS2: Injiniya, ruwan fa? Makarantarmu rijiyar burtsatse ɗaya ce, da ita ake sha, da ita ake alwala, unguwa ma nan take ɗiba. Ka ce a yi ban ruwa da ita a watan Maris ka ga yadda shugaban makaranta zai dube ka. Asabar da Lahadi kuma wa zai zo?

Injiniya_Ban_Ruwa: Makarantun kwana fa? Da waɗanda ke kusa da madatsun ruwa irin yankin Kadawa?

Maman_Hanan: Sai binciken ya zama na makarantun da suka fi kowa gata. Ba laifi ba ne, amma ya faɗa a takardar.

Ni wani abu nake so in tuna wa Malam. In har za ka auna ko labarin ya isa gida, to matan gida za ka tambaya, kuma a garuruwa da yawa namiji baƙo ba zai shiga ba. Ka sa mata cikin masu tattara bayani, ka sa kuɗinsu a kasafi, ka sa kuɗin zama da mai unguwa tun kafin a fara. Tambayoyin kuma a mayar da su Hausa tun a ofis, a gwada su a kan mutane kaɗan, kada a bar kowane mai tambaya ya fassara yadda ya ga dama a bakin ƙofa. Sannan makarantun 'yan mata su shiga. Na sha ganin an zaɓi makarantun maza zalla saboda sun fi sauƙin shiga, a ƙarshe a rubuta "ɗaliban sakandare".

Dakta_Mai_Jan_Biro: Hajiya ta kawo ni kan abin da ya fi kayar da irin wannan takarda a hannun masu lissafi. Ba za ka iya raba 'yan aji ɗaya gida biyu ba, shugaban makaranta ba zai yarda ba, kuma yaran za su gaya wa juna. Don haka aji sukutum za ka ɗauka. To in ka ɗauki makaranta ɗaya ta yi aikin hannu, ɗaya ta yi allo, ka sami bambanci, ta yaya za ka san hanyar koyarwa ce ba malamin ba? Wataƙila na farkon haziƙi ne, na biyun yana zuwa sau ɗaya a mako. Kana buƙatar makarantu da dama a kowane ɓangare, a jefa ƙuri'a wajen raba su, a yi gwaji kafin a fara da bayan an gama, a kuma sake wani bayan wasu makonni. In kuɗin bai kai makarantu da yawa ba, ka rage buri, ka kira shi gwajin share fage. Wannan ba abin kunya ba ne. Ƙaramin tallafi da aka gama lafiya aka buga sakamakonsa shi ne shaidar da za ka nuna ranar neman babba.

Ɗalibar_Digiri_Na_Biyu: Dakta, bitar ayyukan baya fa? Sufabaizana yana cewa in kawo shafi talatin.

Dakta_Mai_Jan_Biro: Wannan kundin digiri ne, 'yata. Takardar neman kuɗi daban. A nan shafi ɗaya ko biyu sun isa, su nuna abin da aka sani, inda aka tsaya, da inda za ki ɗora. Kada ki fara da ma'anar noma ko cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arziki, wanda zai karanta ya fi ki sanin haka. Kuma ki buɗe duk abin da kika ambata ki gani da idonki. Yanzu mutane suna sa manhajojin nan masu rubutu su haɗa musu, su kawo sunan marubuci da shekara da mujalla, ka je nema ka tarar babu wannan aikin a duniya. In mai tantancewa ya kama guda ɗaya, sauran takardar ta mutu.

Sabon_Lakcara: Amma manhajar tana taimakawa wajen gyara Turanci. Da yawanmu ra'ayin yana nan, harshen ne yake ba mu kunya.

Maman_Hanan: Gyaran harshe daban, ƙirƙiro hujja daban. Ni nakan fara rubuta abin da nake nufi da Hausa a takarda, in ya tsaya da ƙafarsa sannan in juya shi. In ya gagara faɗuwa da Hausa, to ba Turancin ne matsalar ba.

Baba_Malamin_Gona: Ƙarin abu biyu kan waken. Na farko, sai ya bushe sosai kafin a rufe, in ba haka ba zai yi fumfuna ka ɗora wa buhu laifi. In babu na'urar auna danshi, akwai dabarar gishiri: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake a kwalba mai murfi, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, waken bai bushe ba. Yara za su so wannan. Na biyu, kada a kawo maganin ƙwari cikin gwajin ko kaɗan. Na san wani zai ce a kwatanta da fiya-fiya tunda shi mutane suke zubawa. A faɗa wa yara illarsa da baki, a gaya musu saboda ragowar irin wannan magani Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Amma hannun ɗan mutane kada ya taɓa.

Dakta_Mai_Jan_Biro: Baba ya yi daidai, kuma wannan ya shiga sashen ɗa'ar bincike. Yara ne 'yan ƙasa da shekara 18: izinin ma'aikatar ilimi, izinin shugaban makaranta, sanar da iyaye. A haɗa wasiƙun da takardar, kada a ce "za a nema". Ajin da aka koya wa a allo kuma a yi musu aikin hannun bayan an gama aunawa, kada a bar su haka.

Wani abu kuma Malam: ka nemi abokin aiki daga wajen sashenku. Samaru tana nan, IAR mai binciken noma da NAERLS mai yaɗa ilimin noma ga manoma duk a Zariya suke, IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da tasha a Kano kuma wake yana cikin manyan ayyukanta. Mutum ɗaya da ya san ajiyar amfanin gona a cikin tawagarka zai rufe bakin mai cewa malamin ilimi bai san ƙwaro ba. Amma ka kira shi ku zauna, kada ka ɗauki sunansa ka liƙa.

Gaskiya_Ɗaci: Kun ga? Mun dawo kan maganata. Sai ka san wani.

Maman_Hanan: Sanin wanda zai yi aiki tare da kai daban, sanin wanda zai ɗaga waya a sa hannu daban. Kai ma ka san haka, tsokana kake.

Gaskiya_Ɗaci: Hajiya ba tsokana ba ce. Wanda ke babbar jami'a yana shan shayi da waɗannan mutanen kullum. Wanda ke kwaleji a ƙaramar hukuma mai nisa, wasiƙarsa ma ba lallai a amsa ba. Ba cin hanci nake nufi kaɗai ba, tazarar nake nufi.

Ɗan_Maradi: Wannan kam haka yake ko a nan. Na Yamai ya fi na Diffa jin labarin kira da wuri. Shi ya sa in ɗayanmu ya ga sanarwa ya kamata ya watsa tun ranar, ba ana saura kwana biyu a rufe ba.

Abu_Khalifa_Agric: Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga yadda na sake tsarawa, ku duba: tasirin koyar da ajiyar wake ta hanyar aikin hannu a kan fahimta da ƙwarewar ɗaliban aji biyar, da isar ilimin zuwa gidajensu. Makarantun maza da na mata, na gari da na ƙauye. Abin da ya rage mini shi ne adadin makarantun, don in na bi maganar Dakta kuɗin mai kaɗai zai cinye rabin kasafin.

Injiniya_Ban_Ruwa: Ka zaɓi waɗanda ke kan hanya ɗaya mana, zuwa ɗaya ka zagaye uku.

Dakta_Mai_Jan_Biro: In sun yi kusa da yawa yaran suna haɗuwa a kasuwa da islamiyya, labarin buhun zai tsallaka zuwa ajin allo, bambancin ya dushe. Sai an auna tsakanin biyun. Ni da zan cire sashen zuwa gidaje a wannan zagaye, shi ya fi cin kuɗi.

Maman_Hanan: Haba Dakta, ai shi ne ran binciken. In an cire shi ya zama gwajin aji kamar kowane. Gara a rage makarantu.

Dakta_Mai_Jan_Biro: In an rage makarantu kuma ba abin da za a iya cewa da tabbaci, Hajiya.

Ticha_Agric_SS2: Ku bar malaman makarantun su riƙa karɓar gwajin tsakiya su turo ta waya, ba sai ya zo kowane lokaci ba. A dai sa mana kuɗin data, kuma a rubuta sunanmu a rahoto.

Sabon_Lakcara: Tambaya ga Mai_Lissafi. Wake ya fi araha da kaka. In Malam ya saya da kuɗinsa a kasuwar Dawanau cikin Nuwamba kafin tallafin ya fito, zai iya cire kuɗinsa daga baya?

Mai_Lissafi: Ya duba takardar yarjejeniya tukuna. A yawancin wuraren da na sani, rasidin da kwanan watansa ya riga ranar amincewa ba ya shiga, mai binciken kuɗi zai fitar da shi. In yana son haka ya nemi izini a rubuce kafin ya saya. Kuma ya tabbata dillalin yana da rasidi mai suna da hatimi, don da yawa a kasuwar hatsi a bayan kwali suke rubuta maka.